Tsohon dam ɗin garinmu ya fara yoyo: a rushe shi ko a gyara?

Dan_Igabi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wajen masana da kuma manyanmu. Akwai wani tsohon dam na ƙasa a bayan garinmu, nan cikin ƙaramar hukumar Igabi, wanda aka tare wani rafi da ke gangarawa kogin Kaduna. Ba babban dam ɗin Kangimi nake nufi ba, kada wani ya ɗauka shi ne. Wannan ƙarami ne, tun kafin a haife ni aka yi shi. Yanzu laka ta cike shi, da bazara har shanu na ratsa shi ta tsakiya. Bangon ya dare ta gabas, ruwa kuma na tsattsafowa ta gindinsa. Daminar da ta wuce sai da mutanen ƙauyen da ke ƙasa da shi suka kwashe yara suka kwana a firamare saboda tsoro.

Wasu matasa cikinmu suna cewa a nemi gwamnati ta cire shi gaba ɗaya, rafi ya koma yadda yake, kifi ya riƙa haurowa daga kogi kamar da. Dattawa kuma sun ce su ba su taɓa jin inda aka rushe dam da gangan ba. Shin ana yi kuwa? In an yi, riba ce ko asara?

MaiTumatir_Rigachikun:
Wa alaikumussalam. Matasan nan masu cewa a rushe, a cikinsu wa ke noman rani? A fara amsa wannan tukuna. Ni dai na san duk inda ka ga ɗan ruwa a kwance a watan Maris, to akwai gidajen da tukunyarsu ke dogare da shi. Abin da ya lalace gyara shi ake yi.

InjiniyaSK:
Wa alaikumussalam. Malam Dan_Igabi, kafin a shiga gardamar kifi da tumatir, amsa min abu uku. Ruwan da ke fita ta gindin bangon, garau yake ko da laka a cikinsa? Akwai manyan itatuwa a kan bangon? Sannan makwararar da aka yi wa rarar ruwa, tana nan a buɗe ko ta toshe?

Dan_Igabi:
Injiniya, ruwan ba garau ba ne, launin kunun kanwa gare shi. Akwai wani wuri a gindin bangon da yake ɓuɓɓugowa daga ƙasa, ya tara lallausan yashi a kewaye da bakin ramin, in ka share da hannu kafin ka juya ya sake tarawa. Itatuwa kam akwai, dogon yaro da malaina, wasu sun fi ƙarfin runguma. Har suri biyu na gani a jikin bangon. Makwarara kuma simintinta ya farfashe, rabi ciyawa ta rufe, wani ma ya shuka rake a bakinta.

InjiniyaSK:
Innalillahi. To wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kowane dam na ƙasa yana ɗan tsattsafo, ba abin tsoro ba ne muddin ruwan garau yake. Amma in ya fara fitowa da laka, ƙasar bangon ce yake kwasowa daga ciki. Hanya yake haƙa wa kansa, kullum tana ƙara faɗi, bango kuma daga waje ka gan shi lafiya lau har ranar da zai rufta. Saiwar itace da gara da ramukan gafiya duk taimaka masa suke.

Don Allah ku hana mutane abu biyu. Kada a toshe ramin nan da siminti ko a danna masa dutse, ruwan zai nemi wata mafita ne inda ba ku gani. Abin da ake yi, a kewaye shi da buhunan yashi, a shimfiɗa yashi da tsakuwa yadda ruwa zai wuce amma ƙasa ta tsaya. Na biyu, kada a sare manyan itatuwan haka kawai a tafi. Saiwar za ta ruɓe a ciki ta bar rami. Mai raken nan kuwa a ba shi haƙuri ya cire yau, ba gobe ba.

Dan_Yerwa:
Ni a Kaduna nake aiki amma iyayena na Maiduguri. Ranar 10 ga Satumba 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle, cikin dare ruwa ya shiga gari. Mahaifiyata da zanin jikinta kaɗai ta fita. Kuma ba shi ne na farko ba, an yi irinsa a 1994. Mutanen da ke zaune kusa da dam ɗin sun daɗe suna cewa akwai matsala. Ku da kuka ga alama da idonku, wallahi kada ku zauna jiran kwamiti.

BaKano77:
Allah ya kiyaye gaba. Mu ma a Kano an yi na Bagauda a watan Agusta 1988, har yau tsofaffi na ba da labarinsa.

Ummu_Hanan:
Allah ya tsare. Amma tambayarsa fa ba a amsa ba: ana rushe dam da gangan?

Malam_Jogirafi:
Ana yi sosai, Ummu Hanan, sai dai ba a saba da shi a nan ba. A Amurka da Turai duk shekara ana cire tsofaffin madatsu, yawancinsu ƙanana irin wannan, waɗanda kuɗin gyaransu ya fi amfaninsu. Manyan ne suke yin suna. A kogin Elwha na jihar Washinton an cire biyu tsakanin 2011 da 2014. Mafi girma shi ne na kogin Klamath, tsakanin Oregon da Kalifoniya, inda aka cire guda huɗu aka gama a 2024. Ƙabilun asali na wurin, irin su Yurok da Karuk, su suka shafe shekaru suna fafutuka saboda kifin salmon da suka dogara da shi. A cikin shekarar da aka gama, an ga kifin ya haura har wuraren da ya yi fiye da shekara ɗari bai taka ba.

Amma kada in ba ku rabin labari. Lokacin da aka saki ruwan, lakar da ta taru ta gangara, kogi ya yi baƙi, kifi ya mutu da yawa kafin abin ya lafa. Kuma aikin ya ci kimanin dala miliyan 500.

MaiTumatir_Rigachikun:
Malam, da girmanka, amma Amurka daban Igabi daban. Su in an cire musu dam famfo bai ɗauke ba, wuta ba ta ɗauke ba. Mu nan daga Nuwamba zuwa Maris da ƙyar ɗigo ke sauka daga sama. Rafin da ake cewa a 'yanta, kafin ƙarshen Janairu ya zama yashi zalla. Wane kifi ne zai hau yashi?

Sarkin_Koma:
Alhaji mai tumatir, kifi ba da rani yake hawa ba ai. Bari mu da muka gaji abin mu yi magana.

Idan ruwan farko ya sauka kogi ya fara ɗaukowa, ruwa ya yi ja, a lokacin kifi ke tashi. Yana bin sabon ruwa ya shiga ƙananan rafuka, daga nan ya fantsama cikin fadama inda ciyawa ta nutse, a can yake zuba ƙwai. 'Ya'yan su girma cikin ciyawa inda babban kifi ba ya iya bin su, ruwa na fara ja da baya su biyo shi su koma kogi. Kawara, kurungu, faliya, ragon ruwa, tsage, duk haka suke yi. In ka tare rafi ɗaya, ka rufe musu ɗakin haihuwa ɗaya.

Je ka gindin kowane irin wannan dam a watan Yuli ka gani. Kifi ne cunkus a ɗan kududdufin da ke ƙasan makwarara, yana ta tsalle yana bugun siminti yana faɗowa. Yara da kwando suke kwasa, ko koma ba sa buƙata. Ka fede ciki ka tarar da ƙwai fal. Mutane na murna an samu kifi a banza, mu kuwa mun san na baɗi ne ake cinyewa.

Cikin dam ɗin kuma me ya rage? Karfasa ƙanana da tarwaɗa, sai gaiwa a cikin taɓo.

Hajiya_MaiBanda:
Gaskiyarka Baba. Ni sana'ata ke nan. Yanzu yawancin abin da muke bandawa tarwaɗar gidan gona ce, wadda aka ciyar da abincin buhu. Mai neman ragon ruwa ko giwan ruwa sai ya yi oda ya jira, kuɗin kuma ba na talaka ba ne. 'Ya'yana ko sunan faliya ba su sani ba.

Abu_Zazzau:
Ina da ja a nan. Ko an cire wannan ƙaramin, kogin Kaduna kansa a tare yake. Dam ɗin lantarki na Shiroro na nan tun 1990, mai megawat 600, ga Zungeru an ƙara a ƙasansa mai 700. Kifin da zai taso daga kogin Neja ba shi da hanyar isowa Kaduna ko da an rushe duk ƙananan madatsun jihar nan. To mene ne amfanin?

Sarkin_Koma:
Ɗana, ba kifin Neja muke jira ba. Daga Shiroro zuwa nan tafiya ce mai nisa, kuma akwai kifi a ciki, shi muke kamawa a Kabala da Rafin Guza. Shi ma yana son wurin haihuwa. Tunda an rufe masa ƙasa, ai rafukan sama ne kaɗai suka rage masa.

Amma kada a ce na ce a rushe. Akwai 'yan'uwanmu da suke sa kalli a cikin irin waɗannan madatsun da rani, da shi suke cefane. Na faɗi abin da na sani game da kifi ne kawai.

Zee_Barnawa:
Na taɓa gani a intanet ana yi wa kifi wata matakala a gefen dam yana hawa. Me zai hana a yi irinta kowa ya huta?

InjiniyaSK:
Ana yi, 'yar'uwa, wasu ƙananan kwatami ne a jere, kowane ya ɗan fi na ƙasansa tudu, ruwa na bi ta ciki. Sai dai yawancinsu an tsara su ne don kifi mai ƙarfin tsalle irin salmon. Namu sai an auna yadda suke iyo an yi musu mai kwanciya. Kuma matakala a jikin lafiyayyen bango ake yinta. Wannan bangon ciwonsa a ciki yake.

Kwamared_Kawo:
Ku dai ku yi ta lissafi. A ƙasar nan in aka ce gyara, kwangila ce. In aka ce rushewa, ita ma kwangila ce. A kawo katafila ɗaya a ɗau hoto, a tafi. Shekara mai zuwa a sake sa shi a kasafi.

Dogo_Tifa:
In za a yashe a kira mu, mu kwashe kyauta ma 😂

InjiniyaSK:
Dogo, da yashin gini ne da tuni kun gama da shi ba tare da an kira ku ba. Abin da ke kwance a tsakiyar dam taɓo ne mai laushi, ba ya bulo. Yashin yana can bakin da rafi ke shigowa.

Sarkin_Koma:
Ku masu tifa ai ku ne rabin matsalar kogin nan. Kun rarake gaɓa, ramukan da kuka bari duk shekara sai sun ci yaro.

Dogo_Tifa:
Baba, gidan da kake ciki da me aka gina shi?

Admin_Zaure:
Jama'a a dawo kan magana don Allah. Batun yashi a buɗe masa nasa zaren.

Talatu_Asibiti:
Ni ta fannin lafiya zan yi magana. Na yi aiki a wani ƙaramin asibiti kusa da irin wannan ruwan. Yaran da ke wanka a ciki, musamman maza 'yan firamare, da yawansu fitsarin jini suke yi, har wasu iyayen na ɗauka alamar girma ce. Tsargiya ce. Ƙwayar cutar a jikin wasu ƙananan katantanwa take girma, su kuma ruwa mai kwanciya da ciyawa suke so. Dam ɗin da ya cike ya zama ɗan faƙo-faƙo ya fi mai zurfi haɗari ta wannan fuskar, ga sauro. A raba magani a makaranta, yaro ya warke, bayan sati ya koma ruwan.

Amma kuma matan garin a nan suke wanki, kuma ina jin rijiyoyin da ke kusa ba sa ƙafewa saboda shi. Malam Dan_Igabi, an tambayi mata kuwa?

Dan_Igabi:
Anti Talatu, gaskiya zaman da aka yi na maza ne a ƙofar gidan dagaci. Maganar rijiya kuma haka take, unguwar da ke kusa da dam ba sa sayen ruwa da rani, mu na tudu muna saye.

Jikan_Ardo:
Mu ma ba a tambaye mu ba. Irin waɗannan madatsun su ne mashayar da ta rage. Burtali an nome, bakin kogi an kewaye da lambu. In aka cire wannan, shanu dole su nemi ruwa, kuma inda ruwan yake nan albasar wani take. Kun san abin da ke biyo baya. Duk shawarar da za a yanke a ware mashaya tukuna.

MaiTumatir_Rigachikun:
Yau ga ni ga Bafulatani a layi ɗaya. Allah mai iko.

BaKano77:
Abin nan fuska biyu gare shi ko a manyan. Dam ɗin Tiga da aka gama a 1974 shi ke ba Kadawa da Kura ruwa, shinkafa da tumatir ɗin da ake ci har Legas daga can suke. Amma je ka Hadeja da Nguru ka tambaya. Tun da aka tare ruwan, aka ƙara da Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamunsu ta canza, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman can suna kuka. Haka Bakolori ya yi wa na ƙasa da shi a kogin Sakkwato. Na sama ya samu, na ƙasa ya rasa, kuma na ƙasa ba a cika jin muryarsa ba.

Yar_Gangare:
Tunda an zo nan bari in yi magana. Ni 'yar irin ƙauyen da ake cewa "na ƙasa" ce, ba wannan dam ɗin ba amma labarin ɗaya ne. Da rani su rufe ruwa, lambunmu ya bushe. Da damina in ya cika mu ne ba ma barci, kaya a ɗaure, kunne na waje. Masu cewa a gyara, tun yaushe ake cewa za a gyara? Ni da a ce min ruwa ne zai rushe shi cikin dare, gara a rushe shi da rana muna kallo.

InjiniyaSK:
Maganar Yar_Gangare ita ce gaskiyar lamarin a wajena. Zaɓin ba tsakanin dam da rashin dam yake ba, domin wannan bangon in aka bar shi haka ba zai zauna ba.

Amma matasan Dan_Igabi su sani cirewa ba wai a kawo katafila a fasa tsakiya ba ne. Babbar matsalar ita ce lakar da ta taru shekara da shekaru. In ta tafi lokaci ɗaya za ta binne gonakin ƙasa, ta shaƙe kifin da ake son ceto, kuma in rafin naku sama da Malali yake zuba, har matatar ruwan shan Kaduna da ke can sai ta ji a jikinta. Yadda ake yi, da rani ake farawa. A rage ruwan a hankali, a yanke bangon kaɗan daga sama, a bar lakar da ta fito ta bushe, a dasa mata jema da gamba su riƙe ta, a fitar wa rafi hanyarsa. Wata shekara a ƙara yankewa. Yana iya ɗaukar rani biyu ko uku.

Akwai kuma hanya ta tsakiya: a rage tsayin bangon sosai, a mai da makwarara ta zama gangare mai duwatsu wanda kifi zai iya bi da damina, a bar ɗan ruwa na mashaya. Ruwan da ya ragu, haɗarinsa ma ya ragu. Amma ba zan ce ga wanda ya dace ba sai an auna wurin.

Lauya_UnguwarRimi:
Ƙarin abu biyu. Na farko ku binciko dam ɗin na waye a takarda: jiha ce ta gina, ƙaramar hukuma ce, ko hukumar raya kogunan Neja ta sama mai hedikwata a Minna. Ba wanda ke da ikon taɓa shi sai mai shi, kuma takardar koke in ta je ofishin da ba nasa ba a nan za ta kwana.

Na biyu, wanda ba wanda ya ambata: in ruwa ya janye, fili zai fito, kuma ƙasa ce mai kyau ƙwarai. Na wa? Jikokin waɗanda aka karɓi gonakinsu lokacin gini za su taso, masu lambu a gefe za su matso, wani babba daga gari zai zo da takarda. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, amma kun san yadda abin ke kasancewa a ƙauye. A rubuta yadda za a raba kafin a zare ruwa ko kofi ɗaya.

Abu_Zazzau:
Mu a Samaru dam ɗin Kubanni ma laka na damunsa, amma ba wanda zai ce a cire, jami'a guda ke sha. Ina ganin kowane dam da hukuncinsa.

Malam_Jogirafi:
Haka ne. Ba wanda ke cewa a taɓa Kangimi da ke tallafa wa ruwan shan Kaduna da rani, ko Gurara da ke ba Abuja. Tambayar a kan wanda ya daina aikin da aka gina shi dominsa ne. Alhaji mai tumatir kuma, rafin da ya zama yashi da rani ba yana nufin babu ruwa ba. Yana nan kwance a ƙarƙashin yashin. Tun zamanin shirin Fadama manoma ke kafa ƙananan rijiyoyin bututu a irin wurin suna ja da inji.

MaiTumatir_Rigachikun:
Malam, inji da me yake tafiya? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 rabin ribar lambu a gidan mai take ƙarewa. Mai jan ruwa daga dam ta kwata ba ya sayen lita ko ɗaya. A ce sola, to wa zai saya mana? Kuma ruwan ƙarƙashin yashin da kake magana, wa ya tabbatar ba dam ɗin ne ke ciyar da shi ba? Anti Talatu ta faɗi zancen rijiyoyi yanzun nan.

InjiniyaSK:
Wannan tambayar taka tana kan hanya, Alhaji. Rijiyoyin da ke dab da shi za su iya sauka, na ƙasa da shi kuma su samu ƙari. Sai an gwada.

Dan_Igabi:
Na gode ƙwarai jama'a. Na karanta wa wasu daga cikin matasan, yanzu su ma sun rabu biyu, wasu sun koma kan rage tsayin bango. Ranar Juma'a bayan masallaci za a sake zama. Zan nemi dagaci ya aika wa ƙauyen ƙasa da rugar da ke gefe, a kuma ji ta bakin mata. Injiniya, in na turo maka hotuna da bidiyon wurin da ruwan ke ɓuɓɓugowa za ka iya rubuta mana abin da za mu haɗa da takardar koke?

InjiniyaSK:
Turo ta akwatin sirri. Ka sa kwalba ka ɗebi ruwan, ka ajiye ta kwana ɗaya ka ɗauki hoton abin da ya kwanta a ƙasa. Buhunan yashin kuma kada su jira Juma'a.

Jikan_Ardo:
A aika wa Arɗo da wuri, ba ranar zaman da safe ba.

MaiTumatir_Rigachikun:
Ni dai ina nan kan bakata, a gyara. Masu lambun wurin sun riga sun zuba irin albasa, wa zai biya su in aka zare ruwa bana?

Yar_Gangare:
Mu wa zai biya mu in ya ɓalle?

Kwamared_Kawo:
Dan_Igabi, in kun kai takardar ku yi kwafi uku, a buga muku hatimin karɓa a kan naku. Kuma ku sa kansilanku ya raka ku.